Solo, okestira, aji ko bariki: wace hanya mabushin turampet zai bi?

Duk wanda ya shafe shekaru yana busa turampet, ƙahon tagullar nan mai maɓallai uku, har bakinsa ya faɗa a kiɗan kilasik na Turai, wata rana sai ya tsinci kansa a mararraba. Hanyoyi huɗu ne a gabansa. Ko ya nemi zama ɗan solo, mai tsayawa gaban makaɗa shi kaɗai ana saurarensa. Ko ya nemi kujera a okestira, babbar ƙungiyar makaɗa masu kayan kiɗa iri-iri. Ko ya zama malami. Ko ya sa kaki ya shiga bandin soja. Galibin matasa ta farkon suke hange, domin masu ita ne sunayensu ke kan faya-fayi: Maurice André, Håkan Hardenberger, Alison Balsom, Sergei Nakariakov. Amma in ka bi tarihin manyan mabusa ɗaya bayan ɗaya, za ka tarar mafi yawansu hanya biyu ko uku suka haɗa. Saboda haka tambayar da ta fi amfani ita ce: da wacce za ka fara, wacce kuma za ta riƙe ka ranar da leɓe ya gaji?

Ma'aunai huɗu

Na farko kuɗi: abin da za ka zuba kafin ka fara cin moriya, da irin shigar da ke biyo baya, albashin wata-wata ne ko sai an yi wasa a biya. Na biyu ɗorewa, wato shekara nawa mutum zai iya yi a kan hanyar. Na uku sauƙin shiga: gurabe nawa ne, mutum nawa ke rububinsu. Na huɗu haɗari.

Wannan na huɗun sai an ɗan tsaya a kansa, domin a nan mabushi ya sha bamban da mai fiyano. Sautin turampet daga karkarwar leɓɓa yake tasowa a cikin ɗan kofin bakin ƙahon, tagullar ƙara shi kawai take yi. Ke nan sana'ar gaba ɗaya ta rataya ne a kan 'yar tsokar da ta kewaye baki da haƙoran gaba da ke tokare da ita. Tsokar tana iya yagewa. Haka ta faru da Louis Armstrong a shekarun 1930, har ya ajiye busa na watanni. Akwai kuma wata larurar jijiya da likitoci ke kira distoniya, inda leɓe ke daina bin umarnin mai shi alhali ba wani rauni da ido ke gani, kuma ta raba ƙwararru da dama da aikinsu. Haƙorin gaba ɗaya ya karye, sai an sake koyon zaman baki. Don haka kowace hanya za mu yi mata tambaya ɗaya: ranar da bakin ya ƙi, wa zai biya kuɗin haya?

Kuɗin da kowa sai ya biya

Ƙwararre ba ya aiki da ƙaho ɗaya. Kowane ƙaho ana kiransa da sunan sautin da aka ƙera shi a kai. Yana buƙatar na B-fulat, wanda da shi ake koyo. Da na C, abin aikin yau da kullum a okestirorin Amurka da Faransa. Da ɗan ƙaramin nan fikolo, na busa sautuka masu tsini a ayyukan Bach. Sau da yawa da na E-fulat saboda konceton Haydn da na Hummel, wato kiɗan da aka rubuta wa ɗan solo, okestira na mara masa baya. Wanda zai nemi aiki a Jamus ko Ostiriya sai ya ƙara da masu maɓallan juyi, domin da su ake busa a can. Sabon ƙahon ƙwararru na kamfanin Bach ko Yamaha ko Schilke yana kamawa daga wajen dala dubu 3 zuwa sama, fikolo ya fi haka tsada. Sauƙin abin shi ne tagulla na da ƙarko. In ana wankewa ana sa wa maɓallai mai, ƙaho yakan yi shekara 20 ko 30, kuma na hannu mai kyau ba shi da aibu.

Makaranta ce mai cin kuɗi, kuma tsakanin ƙasa da ƙasa akwai rata babba. Juilliard da ke Niyok, kuɗin karatunta kaɗai ya haura dala dubu 50 a shekara ga wanda bai samu tallafi ba. Curtis da ke Filadelfiya ba ta karɓar kuɗin karatu tun 1928, sai dai ɗalibanta kaf ba su kai 200 ba, masu turampet a cikinsu 'yan kaɗan ne. Jamus na da manyan makarantun kiɗa na gwamnati 24, galibinsu kuɗin rajistar zango kawai ake biya. Wasu, kamar na jihar Baden-Württemberg, suna karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga baƙin da ba 'yan Tarayyar Turai ba, kuma kafin a ba ka biza sai ka nuna kusan Yuro dubu 12 na ci da haya na shekara guda. Digiri na farko da na biyu kan ɗauki shekara shida a jimlace. Bandin soja kaɗai ke iya ɗauke maka wani ɓangare na wannan nauyi, za mu zo kansa.

Hanya ta farko: solo

Maurice André ne ya share wannan hanya a zamanin nan. An haife shi a 1933 a Alès da ke kudancin Faransa, mahaifinsa mahaƙin kwal ne, shi ma ya shiga rami yana ɗan shekara 14. A 1951 ya isa babbar makarantar kiɗa ta Faris, kuma ta bandin soja ya bi, domin ta haka ne zai yi karatu ba tare da biya ba. Ya yi karatu a hannun Raymond Sabarich, ya ci gasar Janiba a 1955, ya ci ta Miyunik a 1963. Masu ba da labarinsa a nan sukan tsaya, su ce daga nan duniya ta san shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, daga 1953 zuwa 1967 a kujerar okestira yake zaune a Faris yana cin albashi: ta Lamoureux, ta gidan rediyo, sannan ta Opéra-Comique. Da ya bar kujera a 1967 kuwa, sai ya gaji malaminsa Sabarich a matsayin farfesa. Mutumin da ya bar faya-fayi sama da 300 bai jingina da solo kaɗai ba a duk shekarun da yake gina suna.

Ƙuncin hanyar daga ƙarancin abin busawa ya samo asali. Haydn ya rubuta konceto ɗaya a 1796 saboda Anton Weidinger na Biyana, babban birnin Ostiriya, mai ƙahon nan da aka huda wa ramuka aka sa musu marufai. Hummel ya rubuta wa wannan mutumin wani a 1803. Daga nan sai dogon shiru. Beethoven ya bar konceton fiyano biyar, na turampet ko ɗaya babu. Brahms da Tchaikovsky ma ba su rubuta na turampet ba. Sai a tsakiyar ƙarni na 20 aka samu na Tomasi a 1948 da na Arutiunian a 1950. Okestirar da ke tsara wasannin shekara masu fiyano da bayolin za ta fi gayyata, domin su ke cika zaure. Mabushi in ya samu gurbi ɗaya a shekara, an yi masa kara, kuma Haydn ko Hummel za a ce ya busa. Shi ya sa masu cin abinci da solon turampet zalla a duk duniya 'yan ƙalilan ne.

Kowane babba sai da ya samar wa kansa abin busawa. André ya ɗebo ayyukan da aka rubuta wa obo da sarewa da bayolin a zamanin Vivaldi da Telemann, ya mayar da su kan fikolo, jama'a suka yi ta saye. Hardenberger, ɗan Malmö ta Suwidin da aka haifa a 1961, ya bi ta kan marubutan da ke raye: Harrison Birtwistle ya rubuta masa Endless Parade, HK Gruber ya rubuta masa Aerial, wanda aka fara busawa a Landan a 1999. Nakariakov ya ɗauko ayyukan bayolin da na celo yana busa su yadda ba a yi zaton ƙaho zai iya ba. To wanda ke son solo ya tambayi kansa tsakaninsa da Allah: me zan kawo wanda babu shi? Busa Haydn ba tuntuɓe dai, ɗaliban shekarar ƙarshe da yawa sun iya.

Ta fuskar kuɗi, babu albashi. Sai ka yi wasa a biya ka, wakilinka ya cire kasonsa, haraji ya ci nasa, inshorar lafiya da ajiyar tsufa kuma suna wuyanka. Faifai a yau ya fi zama shaidar neman gayyata fiye da hanyar samun kuɗi. Ƙofar da aka fi shiga ta ita gasa ce, gasannin kuwa kaɗan ne. Ta Miyunik juya kayan kiɗa take yi, sai a yi shekaru turampet bai zagayo ba, ga kuma iyakar shekarun haihuwa da ke rufe ƙofa wajen shekara 30. Pacho Flores na Banizuwela ya ci gasar Maurice André a Faris a 2006, daga baya ya samu kwantiragi da kamfanin faya-fayi na Deutsche Grammophon. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne; akwai waɗanda suka ci manyan gasanni, bayan shekara uku gayyata ta ƙafe, suka koma neman kujera kamar kowa.

Ɗorewa ta danganta da mutum. André ya yi wasan bankwana a 2008 yana da shekara 75. Alison Balsom ta ajiye busa a dandali a 2025 tana da shekara 46, bayan ta busa konceton Hummel a daren ƙarshe na bikin Proms a Landan, alhali sunanta na kan ganiya. Haɗari kuwa nan ya fi yawa. Mura ta kama ka, leɓe ya kumbura, ka soke wasa, kuɗin wannan makon ya tafi, kuma ba lallai ne a sake kiranka ba.

Hanya ta biyu: kujerar okestira

Adolph Herseth ya zama mabushin farko na okestirar Shikago a 1948, bai sauka ba sai 2001. Shekara 53 ke nan a kujera ɗaya. Wannan adadi ya nuna kyawun hanyar, ya kuma nuna wahalarta: aikin yana ɗorewa, amma wannan kujerar sau ɗaya aka neme ta a cikin rabin ƙarni. Babbar okestira na iya ɗaukar masu bayolin 30, masu turampet kuwa uku zuwa biyar ne. Sai wani ya yi ritaya ko ya rasu gurbi ke buɗewa.

In ya buɗe, ga yadda ake yi. A Amurka masu nema kan zo da yawa, su busa ta bayan labule don kada alƙalai su san ko wane ne, tsarin da ya yaɗu tun shekarun 1970. A zagayen farko 'yan mintuna kawai za a ba ka. Ba doguwar waƙa za ka busa ba, 'yan guntaye ne da kowa ya haddace: buɗewar simfoni ta biyar ta Mahler, inda turampet ke farawa shi kaɗai tsit kafin kowa; rawar 'yar tsana a Petrushka ta Stravinsky; tattakin da ke buɗe Pictures at an Exhibition; kiran bayan dandali a Leonore ta uku ta Beethoven. Sauti ɗaya ya fashe, sai ka ji murya daga bayan labule tana yi maka godiya, ka tattara kayanka. Kuɗin jirgi da na otal daga aljihunka suke fita, kuma ba abin mamaki ba ne ƙwararre ya faɗi gwaji goma ko fiye kafin ya dace. A Jamus sai an duba takardunka an gayyace ka, 'yan okestirar ne ke jefa ƙuri'a, bayan ka ci kuma akwai shekarar gwaji da za a sake yi maka ƙuri'a a ƙarshenta. Duk da haka Jamus ce ƙasar da ta fi gurabe, domin tana da okestirorin ƙwararru kimanin 130 da gwamnati ke tallafa wa, da yawa a gidajen opera na ƙananan birane.

Wanda ya shiga ya huta da fargabar ƙarshen wata. A manyan okestirorin Amurka, irin su Shikago da Boston da Niyok, mafi ƙarancin albashi ya haura dala dubu 100 a shekara, mabushin farko kuma yana yin cinikin nasa sama da haka. Ƙananan okestirori da dama kuwa wasa-wasa suke biya, ba ya isa riƙon gida. Akwai fansho, akwai hutun rashin lafiya, kuma wannan hutun shi ne babban abin da solo ba ta da shi. Herseth ya yi haɗarin mota a farkon shekarun 1950 wanda ya ji masa ciwo a baki da haƙora. Ya yi jinya, ya dawo kujerarsa, ya ƙara kusan shekara 50 a kai. Da ɗan solo ne mai tasowa, makonnin nan kaɗai sun isa su wargaza masa jadawalin shekara.

Ba a ce babu haɗari ba. Okestirar Filadelfiya ta kai kanta kotu kan bashi a 2011. Ta Minnesota ta rufe wa makaɗanta ƙofa daga Oktoban 2012 zuwa farkon 2014 saboda rikicin albashi. Ta San Antonio ta rushe a 2022. Ko a Jamus, an haɗe okestirori biyu na gidan rediyon SWR suka zama ɗaya a 2016. Sannan akwai kunne. Mazaunan sashen tagulla cikin ƙara suke wuni, waɗanda ke zaune gabansu ma sun fi shan wuya. A 2018 wata kotu a Landan ta ba wani mai biyola, 'yar uwar bayolin, gaskiya a kan gidan opera na Covent Garden, bayan ƙarar ƙahonin da ke bayansa ta lalata masa ji a lokacin gwajin wani aikin Wagner.

Akwai kuma yanayin aikin kansa, wanda ba kowa ke jure masa ba. Za ka zauna kana ƙirga shiru na minti goma, leɓe ya huce, sannan ka shigo da ƙarfi a kan sauti mai tsini, mutum dubu biyu na ji. Mai bayolin in ya kuskure, 'yan uwansa sun rufe shi. Kuskuren turampet har na kujerar ƙarshe a sama sai ya ji. Madugu, wato jagoran okestira, ke zaɓar sauri da ƙarfi, kai bi ne naka. A ganina kujerar mabushi na biyu ita ce aka fi rainawa ba bisa haƙƙi ba. Albashinta bai kai na farko ba, amma nauyinta a kan leɓe da zuciya ya fi sauƙi, kuma mai ita yakan samu sararin koyarwa da wasannin waje.

Hanya ta uku: koyarwa

Sunan da kowane mabushi a duniya ya sani tun yana yaro ba na ɗan solon zamani ba ne, na Jean-Baptiste Arban ne, malamin makarantar Faris wanda littafinsa na koyon busa ya fito a 1864 kuma har gobe da shi ake farawa. William Vacchiano ya busa a okestirar Niyok daga 1935 zuwa 1973, amma a Juilliard shekara 67 ya yi yana koyarwa, har 2002. Miles Davis da Wynton Marsalis da Philip Smith duk sun zauna gabansa. Wato ya ajiye kujera, ya ƙara kusan shekara 30 a aji. A ma'aunin ɗorewa babu hanyar da ta kamo wannan, domin kunne da ilimi ba sa tsufa da saurin leɓe.

Sai dai koyarwa hawa biyu ce, kuma kada a ruɗe su. Hawa na sama shi ne kujerar farfesa a babbar makarantar kiɗa. A Jamus mai irin wannan kujera galibi ma'aikacin gwamnati ne na dindindin, da albashi mai kyau da lokacin fita wasa. Amma ba a shigarta kai tsaye daga aji. Reinhold Friedrich ya zama mabushin farko a okestirar rediyon Frankfurt a 1983, ya samu lamba a gasar Miyunik a 1986, sannan ya zama farfesa a Karlsruhe a 1989. Philip Smith sai da ya bar okestirar Niyok a 2014 ya koma jami'ar Jojiya. Hardenberger farfesa ne a Malmö bisa sunan da ya yi a solo. A jami'o'in Amurka, wanda ba shi da irin wannan suna sai ya zo da digirin dakta na kiɗa, ƙarin shekara uku ko fiye ke nan da ƙarin kuɗi, kuma jami'a galibi malamin turampet ɗaya take ɗauka. Ƙarƙashin farfesoshin akwai tarin malaman wucin gadi da ake biya awa-awa, ba fansho, ba tabbacin zango mai zuwa.

Hawa na ƙasa shi ne makarantun kiɗa na gari, bandin makarantun sakandare, da darasi a gida ko ta intanet. Nan ƙofa a buɗe take, za ka iya farawa tun kana ɗalibi. Kuɗin ba shi da yawa, amma yana shigowa, kuma ciwon leɓe ba ya hana ka aiki. Haɗarinta na daban ne: awa shida kana sauraren yara suna neman sautin farko, ka dawo gida ba ƙarfin yin naka atisayen, bayan shekara biyar ka tarar bakinka ya ja baya, gwajin okestira ya fi ƙarfinka.

Wani abu da nake ganin ya kamata a faɗa ba kwana-kwana: wanda ya ɗauki koyarwa a matsayin mafakar wanda ya faɗi, gara ya bar ta. Malamin turampet yana gyara abin da ba ya gani, harshe da maƙogwaro da iska duk a ɓoye suke. In ya sa wa yaro zaman baki mara kyau, yaron zai yi shekaru yana warwarewa.

Hanya ta huɗu: bandin soja

Ita ce aka fi mantawa da ita a makarantun kiɗa, alhali André ta nan ya shiga Faris, Herseth ma a bandin sojan ruwa ya yi yaƙin duniya na biyu. Bandin busa yana ɗaukar masu turampet da ɗan uwansa konet fiye da okestira, don haka gurabe sun fi yawa. Albashi tabbas ne, da asibiti, da fansho. A Amurka fanshon yana zuwa ne bayan shekara 20 na aiki. A Birtaniya makarantar kiɗa ta Royal Marines da ke Portsmouth tana koyar da kai tana biyanka. Manyan banduna, irin na fadar shugaban Amurka da aka kafa a 1798 ko na Garde républicaine a Faris, gwajinsu bai fi na okestira sauƙi ba, kuma galibi sai ɗan ƙasa.

Abin da za ka bayar shi ne 'yanci. Kwantiragi ne na shekaru, ba ka fita yadda ka ga dama, za ka yi fareti a rana da sanyi, a wasu rundunonin ma akwai aikin taimakon likitoci lokacin yaƙi. Kada kuma a ɗauka babu fargaba. A jana'izar shugaba Kennedy a 1963, Sajan Keith Clark ya daɗe tsaye cikin sanyi kafin a ce ya busa kiran bankwana, sauti na shida ya fashe masa, duniya na kallo a talabijin.

A taƙaice cikin jadawali

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙin shiga | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Solo | Ba albashi. Sai an yi wasa | Ya danganta da leɓe da suna | Mafi wuya | Mafi girma |
| Okestira | Albashi da fansho. Gwaji na cin kuɗi | Shekara 30 zuwa sama | Wuya ƙwarai | Matsakaici |
| Farfesa | Albashi mai kyau | Mafi tsawo | Sai da suna ko digirin dakta | Kaɗan |
| Ƙaramin malami | Kaɗan, amma yana shigowa | Mai tsawo | Da sauƙi | Baki na iya ja baya |
| Bandin soja | Albashi, asibiti, fansho | Har ritaya | Matsakaici. Manyan da wuya | Kaɗan. Ba 'yanci |

Wa ya dace da wacce

In shekarunka ba su kai 25 ba, malaman da ba su da dalilin yi maka kara sun ce sautinka daban yake, kana da wanda zai ɗauki nauyinka na 'yan shekaru, to ka shiga gasanni. Amma ka riƙa atisayen guntayen okestira a gefe, kuma in kujera ta samu ka karɓa, kamar yadda André da Friedrich suka yi. Daga kujera ana fita solo. Daga solon da ta mutu kuwa komawa kujera na da wuya, domin masu gwaji sun fi son matasa.

In kana da iyali ko masu dogaro da kai, kana iya bin umarnin madugu ba tare da ranka ya ɓaci ba, kuma faɗuwa gwaji ba ta karya maka gwiwa, okestira ce taka. Ka sa wa kanka wa'adi da kasafin kuɗin tafiye-tafiye, ka nemi ƙananan gidajen opera da kujerar biyu, kada ka tsaya jiran Balin ko Shikago.

In kana jin daɗin gano abin da ke hana wani busa fiye da jin tafi, ko leɓenka ya taɓa ba ka tsoro, ka nufi koyarwa tun yanzu, ka karanci ilimin koyarwar da gaske. Ka riƙe wata 'yar ƙungiyar tagulla ta mutum biyar ko wasannin coci da na biki don bakinka ya zauna a raye.

In babu kuɗin makaranta sam, bandin soja ko na 'yan sanda ne ƙofar da ke biyanka kana koyo.

Wanda ke zaune a Nijeriya ko Nijar ko Gana kuwa, lissafinsa ya ɗan bambanta, domin okestirori masu albashin dindindin a Afirka kaɗan ne: akwai a Alƙahira, da biranen Kef Tawun da Durban a Afirka ta Kudu, da ta ƙasa a Akara wadda aka kafa a 1959. A gida, aikin turampet mai albashi yana bandunan soja da 'yan sanda da kuma makarantu. Mai son karatun kilasik sosai yana iya neman difilomar shekara biyu ta makarantar MUSON da ke Onikan a Legas, wadda gidauniyar MTN ke ba ɗalibanta tallafi, ko sashen kiɗa na jami'ar Nsukka da aka buɗe a 1961. Daga nan ne ake neman digiri na biyu a waje. Makarantu da yawa suna fara tantancewa da bidiyo, kuma abin da aka fi nema shi ne kashin farko na Haydn ko Hummel, da aiki ɗaya na ƙarni na 20 irin na Arutiunian, da 'yan guntayen okestira. Mai nufin Jamus ya fara koyon Jamusanci shekara guda kafin ya tura takarda, domin yawancin makarantun sai da shaidar harshe suke yin rajista.